Da me ake gane gwanin likitan fisiyo a ciwon ƙwaƙwalwa da laka?

Likitan tiyata idan ya iya aiki ba a daɗe ana gardama a kansa. An shiga da mutum, an fito da shi, ciwo ya warke ko bai warke ba. Likitan fisiyo mai kula da masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda suka ji rauni a laka, da masu ciwon Parkinson mai sa karkarwa da ɗaurewar jiki, nasa aikin ba ya bayyana da wuri haka. A yi makonni, a yi watanni, wani ma shekara ta zagayo ana kai da kawo. Ga kuma abin da ke rikita lissafi: bayan shanyewar ɓarin jiki ƙwaƙwalwa tana ɗan farfaɗowa da kanta, mafi yawa cikin wata 3 na farko, ko aiki mai kyau aka yi wa mutum ko mai kawai aka yi ta shafa masa. Saboda haka wanda ya karɓi mara lafiya a mako na biyu yana iya kwashe yabon da ba nasa ba. Wanda kuwa ya karɓe shi bayan wata 8, ya sha fama har ya ƙara masa saurin tafiyar da zai tsallaka titi, ba mai jin labarinsa. Duk wanda zai karrama wani a wannan fanni, ko kwamiti ne, ko shugaban sashe, ko iyalin da ke neman wanda za su damƙa wa mahaifinsu, ya kamata ya san inda zai duba.

A Amurka ne aka fi tsara wannan lamari. Ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasar, APTA, wadda aka kafa a 1921 da Mary McMillan a matsayin shugabarta ta farko, tana da reshe na musamman na masu aikin ƙwaƙwalwa da jijiya, ANPT. Akwai kuma hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa, ABPTS, wadda duk wanda ya cika sharuɗɗanta a wannan fanni yake sa haruffan NCS a bayan sunansa. Sharuɗɗan ba na wasa ba ne. Sai mutum yana da lasisin aiki mai rai, kuma ya kawo shaidar awa 2,000 na aiki hannu da hannu da irin waɗannan marasa lafiya cikin shekara 10 da suka wuce, 500 daga ciki a shekara 3 na baya-bayan nan. In ba haka ba, to ya kammala horon ƙwarewa a cibiyar da aka amince da ita, wanda yakan ɗauki kamar shekara guda, kuma a ciki akwai aƙalla awa 150 da gogagge zai yi yana yi masa jagora shi kaɗai, mafi yawansu yana tsaye a kansa yana kallon yadda yake aiki. Bayan nan sai jarrabawa mai tambayoyi kusan 200. Shaidar tana aiki ne na shekara 10, kuma duk bayan shekara 3 sai mutum ya nuna cewa yana nan cikin aikin, yana kuma ƙara ilimi.

Reshen na ANPT yana ba da lambobin yabo duk shekara: ga gwanin aikin asibiti, ga malamin da ya yi fice a koyarwa, ga mai bincike, ga wanda ya yi wa ƙungiya hidima, da kuma matashin da ya fara aiki da ƙafar dama. Akwai lacca ta girmamawa da aka sa wa sunan Anne Shumway-Cook, farfesar Jami'ar Washington da ta yi suna a binciken daidaiton tsayuwa da faɗuwar tsofaffi. A can sama kuma APTA tana da matsayin da ke ɗauke da sunan Catherine Worthingham, wanda ake rubutawa FAPTA, kuma ba a ba da shi sai ga wanda ya yi aƙalla shekara 15 yana ba da gudummawar da ta sauya wani abu a sana'ar.

A ganinmu, a cikin duk wannan tsari awa 150 ɗin nan ta fi komai daraja. Jarrabawa tana nuna abin da ke kan mutum, amma ba ta nuna inda yake ɗora hannunsa idan zai tayar da mai shanyewar ɓarin jiki daga gado, ko yadda yake yi idan mara lafiya ya fashe da kuka a tsakiyar aiki. Wannan sai da ido. Kuma abubuwan da idon gogagge yake nema ba su da alaƙa da wata ƙasa, suna nan daram ko a Chicago ake ko a Kano.

Na farkonsu awo ne. Gwani ba ya cewa "da sauƙi" ya tsaya nan, sai ya nuna lamba. A 2018 ANPT ta fitar da ƙa'idar da ta tsayar da gwaje-gwaje 6 da ya kamata a riƙa yi wa manya masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya, aƙalla a ranar da aka fara jinya da ranar sallama. Abin sha'awa, babu wanda ke buƙatar na'ura mai tsada a cikinsu. Agogon waya, da awon tela ko tef na magina, da kujera, da alli sun kusa wadatarwa.

A ɗauki gwajin tafiyar mita 10. Ana ja layi a farko, da mita 2, da mita 8, da ƙarshe. Mara lafiya ya fara daga layin farko, amma ba a danna agogo sai ƙafarsa ta tsallake layin mita 2, a tsayar idan ta tsallake na mita 8. Mita 6 ɗin tsakiya kaɗai ake aunawa, domin a cire jinkirin tashi da na tsayawa. A yi sau biyu da tafiyarsa ta yau da kullum, sau biyu da iyakar saurinsa, a ɗauki matsakaici. Wanda ya ci mita 6 a sakan 15 yana tafiyar mita 0.4 a kowane sakan ke nan. Lambar tana da ma'ana a rayuwa: ƙasa da 0.4 mutum ɗan cikin gida ne, daga 0.4 zuwa 0.8 yana iya fita unguwa amma da iyaka, sama da 0.8 yana iya shiga jama'a ya yi harkarsa. A watannin farko bayan shanyewa, ƙarin kamar 0.16 shi ne aka samu yana zuwa daidai da sauyin da ake gani a rayuwar mutum. Likitan da zai ce maka "ranar da aka kawo Baba yana 0.31, yau yana 0.52, muna neman 0.8 domin ya riƙa zuwa masallaci shi kaɗai" ya san abin da yake yi.

Ma'aunin Berg yana duba daidaito ta hanyar ayyuka 14, irin su tashi daga zaune, tsayuwa ido a rufe, ɗauko abu daga ƙasa, juyawa gaba ɗaya, da tsayuwa da ƙafa ɗaya. Kowanne daga maki 0 zuwa 4, jimla 56. Ga wanda ya riga ya fara tafiya sosai Berg yakan yi masa sauƙi, ya ci kusan duka alhali yana tangaɗi idan ya waiwaya yana tafe. Irin wannan sai a koma gwajin FGA mai ayyuka 10 da maki 30, inda ake sa shi tafiya yana juya kai, da tafiya da baya, da tsallake kwali, da hawa matakala. Sauran su ne tafiyar minti 6 domin a ga nisan da zai iya ci, da tashi a zauna sau 5 daga kujera mai tsayin santimita 43 zuwa 45 hannuwa harɗe a ƙirji, da tambayoyi 16 na ABC da ke auna yadda mutum ya yarda da ƙafafunsa, daga 0 zuwa 100.

Inda ake ɓata awo shi ne wajen maimaitawa. A gwada mutum da sanda da takalmi a watan farko, a wata na biyu a gwada shi ba sanda, ƙafa ba takalmi, sannan a kwatanta. Ko a riƙe masa hannu "kaɗan" yau, ba a rubuta ba. Ko mai ciwon Parkinson a gwada shi awa ɗaya bayan ya sha levodopa, lokacin da maganin ke kan aiki, wata rana kuma a gwada shi dab da lokacin shan na gaba, jiki ya riga ya ɗaure. Duk wannan lambobi ne marasa amfani. Gwani yana rubuta irin sanda, da ko akwai robar da ke tallafe idon sawu, da awan da aka sha magani, ya maimaita komai daidai. Ya kuma san cewa ƙarin maki 1 ko 2 a Berg ba abin murna ba ne tukuna, domin yana iya zama kuskuren awo kawai. Haka nan wanda bai iya tsayuwa ba a ranar farko ba a barin gurbinsa babu komai, sifili ake rubutawa, domin ranar da ya yi taku a san daga inda aka taso.

Bayan awo sai yawan aiki, kuma a nan ne ake raba gwani da wanda ya iya tarbar mutane kawai. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana koyon motsi ne ta hanyar maimaita ainihin aikin da ake son ta koya, sau da yawa, da wahalar da ke ƙaruwa a hankali. Catherine Lang da abokan aikinta sun zauna sun ƙirga abin da ake yi a ɗakunan jinya a Amurka da Kanada, suka wallafa a 2009: a matsakaici mara lafiya yana maimaita aikin hannu sau 32 ne kawai a zama ɗaya, tafiya kuma taku 357. A gwajin dabbobi da aka ga ƙwaƙwalwa ta sauya, ɗaruruwa ake maimaitawa kullum. Daga baya a ɗakin binciken Lang ɗin aka nuna cewa mai shanyewar da ta daɗe yana iya yin sama da sau 300 cikin awa ɗaya idan an tsara zaman da kyau. To idan ka shiga ɗaki ka ga mara lafiya kwance minti 40, ana haska masa fitila mai zafi, ana murza masa hannu, likita ne ke gumi shi kuwa yana kallon rufi, ka san ƙwaƙwalwarsa ba ta koyi komai ba ranar. A wurin gwani mara lafiya ne ke gumi. Yana ɗaukar kofi yana ajiyewa, yana buɗe murfin gora, yana sa maɓalli, wani na gefe yana ƙirgawa. Idan aikin ya zama yana cin nasara kowane lokaci, sai a ƙara nauyin kofin, ko a matsar da shi nesa, ko a rage girman abin da ake tsinta.

A ɓangaren tafiya ƙa'idar ANPT ta 2020, wadda George Hornby ya jagoranta, ta girgiza mutane da yawa. Ta shafi waɗanda suka wuce wata 6 da shanyewar ɓarin jiki, ko rauni a ƙwaƙwalwa, ko raunin laka wanda bai yanke duka ba, kuma suna iya takawa. Abin da ta ce shi ne, in ana son ƙarin sauri da nisa, a yi tafiyar kanta da ƙarfin da zai ɗaga bugun zuciya zuwa kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari na iyakarsa. Ana kiyasta iyakar ne da ninka shekarun mutum da 0.7, a cire abin da aka samu daga 208. Mai shekara 60 iyakarsa 166 ke nan, abin nema kuma bugu 116 zuwa 141 a minti. Ƙa'idar ta kuma ce kada a dogara da injin mutum-mutumi mai jan ƙafa, ko rataye mutum a kan injin tafiya ana ɗaga masa ƙafafu da hannu, ko motsa jikin zaune da tsaye kawai, domin ba su nuna suna ƙara saurin tafiya ga irin waɗannan mutane ba. Tun a 2011 ma binciken LEAPS, mai mutum 408, ya nuna cewa injin tafiya mai ratayar jiki bai fi motsa jikin da likitan fisiyo ke tsarawa a gida ba. Wannan labari ne mai daɗi ga asibitin da ba shi da kuɗi: dogon baranda, da matakala, da ɗamarar riƙe mara lafiya a kugu, da abin auna bugun zuciya na yatsa suna yin aiki babba. Sai dai a kula da masu shan magungunan hawan jini irin su atenolol ko propranolol, domin magungunan suna danne bugun zuciya, ba zai kai lambar da aka lissafa ba komai wahalar da mutum ya sha. Su ana amfani da ma'aunin gajiya na Borg mai lamba 6 zuwa 20, a nemi wajen 14 zuwa sama. Hawan jini kuwa ana auna shi kafin a fara, da tsakiya, da bayan an gama, kuma gwani ba ya fara aiki mai tsanani idan a zaune ma ya kai wajen 180 a sama ko 110 a ƙasa.

Kada wani ya ɗauka cewa ko yaushe ƙari shi ne alheri. Binciken AVERT, wanda Julie Bernhardt ta jagoranta daga Ostireliya aka wallafa a 2015, ya haɗa mutum 2,104. Waɗanda aka tayar daga gado cikin awa 24 na farko aka kuma yawaita musu aiki, kashi 46 cikin ɗari ne suka samu kyakkyawan sakamako bayan wata 3, a rukunin da aka yi wa kulawar da aka saba kuwa kashi 50. Ƙarin nazari ya nuna gajerun zama da ake maimaitawa a yini sun fi dogon zama mai nauyi a kwanakin farko. Haka dabarar ɗaure hannu mai lafiya domin a tilasta amfani da wanda ya shanye. A binciken EXCITE na Steven Wolf, 2006, mutum 222 da ke tsakanin wata 3 zuwa 9 da ciwon, ana sa wa hannu mai lafiyar safar da ke hana amfani da shi a kashi 90 cikin ɗari na lokacin da mutum yake farke, har kwana 14, da horo har zuwa awa 6 a ranakun aiki, kuma ta yi amfani. Amma ba kowa aka ɗauka ba. Sai wanda ke iya ɗaga wuyan hannu aƙalla digiri 10, ya buɗe babban yatsa da wasu yatsu biyu digiri 10. Wanda hannunsa ba ya motsi ko kaɗan idan ka ɗaure masa mai lafiyar ka azabtar da shi ne kawai, ka kuma jawo masa faɗuwa. Sanin wa dabara ta dace da shi, da yaushe, ya fi sanin sunan dabarar.

Akwai wani ɓangare na gwaninta da ba ya fitowa a takardar yabo, domin abin da ya hana faruwa ne. Kafaɗar mai shanyewar ɓarin jiki misali. A makonnin farko tsokokin da ke riƙe da kan ƙashin hannu a gurbinsa suna saki, nauyin hannun ya janyo shi ƙasa, har ka iya zura yatsa ɗaya ko biyu a ramin da ke tsakanin. Idan mai jinya ya jawo shi ta wannan hannu, ko ya tallabe shi ta hammata, ko aka sa shi jan igiyar da ke rataye a sama yana ɗaga hannun sama da kafaɗa, sai a yaga abin da ke ciki, ciwon da zai hana shi barci na watanni ya samo asali. Gwani tun ranar farko yake tara 'yan gida ya nuna musu: matashi a ƙarƙashin hannu idan yana zaune, tayarwa ta kugu da allon kafaɗa, sa riga a fara da hannun da ya shanye, cirewa a ƙare da shi. Kuma shi kansa ba ya ɗaga hannun ya wuce tsayin kafaɗa sai ya juya shi waje yana bin allon kafaɗar da ɗaya hannunsa.

Sai zafi. Gashi da ruwan zafi abu ne da jama'armu suka yarda da shi ƙwarai, kuma yana rage ciwon tsoka da ƙagewa, amma ba ya dawo da motsin da ƙwaƙwalwa ta rasa. Haɗarinsa shi ne fatar da ba ta ji. Mutum zai ƙone har ya yi bororo bai ce uffan ba, mai ciwon suga kuma gyambon ya ƙi warkewa. Gwani yana gwada jin zafi da sanyi kafin ya kusanto da wani abu mai ɗumi. Idan jakar gashi ce ta asibiti, wadda ke fitowa daga ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 75, sai an naɗe ta da tawul ninki 6 zuwa 8, a duba fata bayan minti 5, kada a wuce minti 20. Haka ƙafar da ta kumbura ita kaɗai, ta yi ɗumi, sha-raɓa yana ciwo: wannan ba a yi mata tausa. Yana iya zama gudan jini a jijiya, murzawa kuma ta tunkuɗa shi huhu. Likita ake kira nan take.

Ga masu raunin laka daga ƙashin baya na T6, wato wajen tsakanin allunan kafaɗa, zuwa sama akwai wani abu da duk mai taɓa su dole ya sani kamar sunansa. Mutum yana zaune lafiya sai kai ya sara masa, fuska ta yi ja, gumi ya keto daga wuya zuwa sama, hanci ya toshe. Jini ne ya hau farat ɗaya saboda wani abu yana damun jikin a ƙasan raunin, mafi yawa mafitsara ce ta cika ko robar fitsari ta lanƙwashe, ko bayan gida ya taru. Irin waɗannan mutane lambar sama ta awon jininsu ta yau da kullum takan tsaya 90 zuwa 110, don haka 140 a wurinsu ƙararrawa ce. Ba a kwantar da shi. A zaunar da shi a miƙe, a sauke ƙafafu, a kwance duk abin da ya matse shi, a bi robar fitsari daga farko zuwa jaka, a riƙa auna jini duk bayan 'yan mintoci, a kira likita. Wanda ya kwantar da shi don tausayi yana iya jawo masa zubar jini a ƙwaƙwalwa. A kan wannan ake ƙara juya mai kwanciya duk awa 2, da rage nauyi daga mazaunai duk minti 15 zuwa 30 ga mai keken guragu, da duba diddige da ƙashin kugu kullum. Sashen da masu raunin laka suke fita daga cikinsa ba gyambon kwanciya yana da gwanaye, ko ba a taɓa kiran sunansu a taro ba.

Faɗin gaskiya ma gwaninta ce, kuma tana da wuya. Iyali suna son su ji "zai warke sarai". An san cewa wanda ya iya ɗan buɗe yatsu da ɗan ɗaga kafaɗa gefe cikin kwana 3 na farko yana da kyakkyawan zaton samun amfani da hannunsa, wanda kuma makonni suka shuɗe babu ko ɗaya zatonsa ya ragu sosai. Gwani yana faɗin wannan da taushi, ba ya yanke ƙauna, ba ya kuma sayar da alkawari. Sai ya zauna ya tambaya: "Baba, wane abu ka fi so ka koma yi da kanka?" Amsar ita ce ke tsara jinya. Idan tashi daga tabarma ne, to a ƙasa za a yi aikin, ba a kan gadon asibiti mai tsayi ba. Idan riƙe buta ne wajen alwala, a fara da buta babu ruwa, a riƙa ƙara ruwan kaɗan-kaɗan. Idan Hajiya ta ce ita dai ta shiga banɗaki ba wanda ya riƙe ta, sai a tambayi irin banɗakin, na tsugunno ne ko na zama, da faɗin ƙofa, da santsin daɓe, kafin a zaɓi motsin da za a koya. Gwani kuma ya san iyakarsa. Mai ƙwarewa wajen cin abinci ko shan ruwa yana tura shi ga masu duba haɗiya kafin abinci ya sauka huhu, wanda ya daina magana da cin abinci don baƙin ciki kuma yana sanar da likitan da ya dace, domin damuwa tana bin shanyewar ɓarin jiki sosai kuma tana kashe ƙwazon jinya.

A Najeriya matakin farko dai shi ne lasisi. Hukumar MRTB, wadda aka kafa da dokar 1988, ita ke yi wa likitocin fisiyo rajista, kuma ana sabunta lasisin ne duk shekara. Duk mai zuwa gida da jaka yana cewa shi likitan gashi ne, iyali suna da ikon su ce ya nuna. Ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasa, wadda ta samo asali tun 1959, da sassan fisiyo na asibitocin koyarwa, suna da ranaku biyu da suka dace da karrama nasu: 8 ga Satumba, ranar fisiyo ta duniya, da 29 ga Oktoba, ranar shanyewar ɓarin jiki ta duniya. Abin da muke roƙo shi ne kada girman muƙami ko daɗewa a aiki su zama su ne ma'auni.

Kwamitin da ke son ya yi adalci sai ya ce wa kowane ɗan takara ya kawo fayil na marasa lafiya a jere, misali 20 na ƙarshe da ya sallama, an goge sunaye, ba waɗanda ya tsinto da hannunsa ba. A duba nawa ne aka auna a farko da ƙarshe da gwaji iri ɗaya. A raba waɗanda aka kawo cikin wata 3 na farko da waɗanda suka wuce wata 6, domin ci gaban rukuni na biyu shi ne ya fi nuna hannun likita. A duba ko an rubuta yawan maimaitawa da bugun zuciya, da sau nawa aka sauya tsari da aka ga lamba ta tsaya cik. A ƙirga faɗuwa, da ƙuna, da gyambo, da ciwon kafaɗa da suka faru a hannunsa, a kuma ga ko shi ya rubuta su da kansa. A tambayi ƙananan ma'aikata da ɗaliban da suka yi horo a ƙarƙashinsa me suka koya da za su iya nunawa. Sannan mutum biyu daga kwamitin su je ba tare da sanarwa ba, da izinin mara lafiya, su zauna a gefe da agogo, su rubuta minti nawa daga cikin zaman mara lafiya ya yi yana motsi da kansa.